Shafin da Tela Ya Yage

Ranar Talata ce, tun safe ake yayyafi, ruwan bai sauko sosai ba kuma bai ɗauke ba. Tela yana kan keke yana haɗa hannun riga, sai autarsa ta shigo shago da littafinta a cikin leda.

"Baba, sabon malaminmu ya ce mu tambayi babba a gida: cikin haƙƙoƙin da tsarin mulki ya ba shi, wanne aka taɓa take masa?"

An sosa wa Tela inda yake masa ƙaiƙayi. Ya zayyana mata yadda shugaban kasuwa ya tashe shi daga bakin ƙofar kasuwa ya jefa shi wannan lungun, ba tare da an ji ta bakinsa ba. Yarinya ta rubuta tsaf, har da lambar shago.

Tana fita maƙwabcinsa mai gyaran agogo ya leƙo.

"Kai da kake sa wa mutane zif, ka rasa na bakinka? Wa zai karanta?"

"Malami mana."

"Bayan malamin fa? Yara arba'in, gida arba'in. Haka kawai mutum zai tara ƙorafin jama'a?"

Ɗinki ya gagara. Malamin dai baƙo ne. Kuma Tela ya taɓa ganinsa yana gaisawa da shugaban kasuwa, hannu bibbiyu. Ko wani ne mai kama da shi? Oho. In maganar nan ta je kunnen shugaba, lungun ma sai ya gagare shi.

Washegari Tela ya faɗa ajin ba sallama. Hotunan waɗanda suka kafa ƙasa suna jere a bango, littattafan yara suna jibge a kan tebur.

"Malam, wa ya aiko ka?"

"Ranka ya daɗe, manhaja ce. Kotun wasa za mu yi ranar Juma'a, 'yarka ce ma alƙali. Abin da muke so..."

"Lambar shagona ma manhaja ce?"

"Ita ta sa, ni ban ce ba."

Malamin ya yi murmushi, murmushin ne kuwa ya ƙarasa Tela. Nan take Tela ya zaƙulo littafin auta ya fizge shafin ya cusa a aljihu.

"Baba," in ji auta, "ba ka bari ya gama magana ba."

Kafin yamma labari ya zaga kasuwa. Iyaye suka yi ta zuwa, kowa yana yage nasa. Hedimasta ya ce a dakatar da darasin sai hankali ya kwanta. Malamin ya nemi a canza masa makaranta, aka canza masa.

Har yau Tela bai san ko an aiko malamin ba. Shago dai yana nan. Abin da aka rasa: shafi talatin da ɗaya, kotun wasa ɗaya, malami ɗaya, darasin zango guda, da kwana goma sha biyu da auta ta yi ba ta taka shagon ba.