Gaishe da Tukunya

A gidanmu ba a cewa a sa gishiri, cewa ake yi a gaishe da tukunya. Umma ce ta zo da kalmar daga gidan abincin da ta yi shekara ashirin da biyu tana shugabantar kicin ɗinsa. Masu girki shida ne a ƙarƙashinta, kowa ya yanka, ya soya, ya juya, amma gwangwanin gishiri nata ne ita kaɗai. Sai tukunya ta tafaso a kira ta, ta ɗebo da yatsu uku, ko da tafin hannu in tukunyar babba ce, ta watsa ta wuce. Ba ta taɓa ɗanɗanawa ba. Takan ce wanda bai yarda da hannunsa ba shi ke ɗanɗane, miya kuwa kamar mutum take, in ba ka gaishe ta ba ba za ta amsa maka ba.

Tun daga can Baba ke kiranta Shugaba. Ni kuwa Barkono yake ce mini, ban kuma taɓa yi masa musu ba, don na san halina. Ni ce ta biyu a gidan, malamar makaranta ce, ina da miji da 'ya'ya uku a wata unguwar. Duk Asabar nakan kwaso yaran mu je cin abincin rana wurin Umma.

Baba mai gyaran agogo ne. Da idonsa ya raunana ya rufe shago ya dawo gida, sai ya ɗauko wata sabuwar ɗabi'a da ta riƙa ci mini rai. Da zarar Umma ta ɗora tukunya, zai jawo wata 'yar kujerar katako ya dasa ta a bakin ƙofar kicin, ya zauna da rediyonsa da ba ya kunnawa. Kicin ɗin ɗan tsugul ne, mutum biyu ma sai sun yi gefe-gefe, ga shi ya tare hanya da dogayen ƙafafunsa. Ka zo wucewa da tukunya mai zafi sai ka tsallake shi.

"Baba, don Allah ka koma falo mana," nakan ce. "Namiji da zaman kicin?"

"Koyon sana'a nake, Barkono. Ko kin ga laifin mai neman ilimi?"

Umma ta ce, "Bar shi, shekara arba'in bai san inda ludayi yake ba, yanzu ne zai koya."

Haka za su yi ta yi, tana yi masa tsiya yana ramawa. Can tsakiyar hira sai ka ji ya jefo, "An gaisa, Shugaba." Ita kuma ta ce, "Na sani, wa ya tambaye ka?" ta mayar da gwangwanin kan kantar kicin. Sau nawa na ji wannan, ban taɓa ɗaukarsa komai ba sai zolayar tsofaffi. Na dai lura Umma takan tambaye ni abu sau biyu, wata rana kuma na tsinci makullin ɗaki a cikin firji. Na ce tsufa ne, na ci gaba da harkata.

Ranar wata Talata ƙafafun Baba suka kumbura, numfashi ya yi masa wuya. Yayana ya kai shi asibiti, likita ya ce zuciya ce, aka ba shi gado, aka kuma hana shi gishiri sai ɗan abin da ba a rasa ba. Na ɗauki hutu na dawo gida wurin Umma. Washegari tun da hantsi ta shiga kicin, ta ce mijinta ba zai ci abincin asibiti tana raye ba. Na tuna mata maganar likita, ta ce ta ji. Na bar ta tana girki na tafi wanke kayan Baba. Shinkafa ce da miyar kifi. Ta zuba a kula ta ɗaure da tawul, na ɗauka na tafi.

Baba ya kai cokali ɗaya baki. Ya rufe ido, ya haɗiye da ƙyar, ya nemi ruwa.

"Kina ina lokacin da take girkin?"

"Ina wanki. Me ya faru?"

Ya miƙo mini cokalin. Wallahi sai da hawaye ya fito mini, kamar na tauna dutsen gishiri.

"Sau uku ke nan, ko huɗu," ya ce a hankali. "Zauna, Barkono."

Nan ya gaya mini. Shekara ɗaya da rabi ke nan Umma na mantawa ta gaishe da tukunya. Komai na girkin yana hannunta, yanka da suya da sanin lokacin saukewa, wannan ɗaya ne ya kuɓuce mata. Za ta watsa, ta juya ta wanke cokali, ta dawo ta sake ɗaukar gwangwanin. Watan farko haka ya riƙa cinye abincin yana korawa da ruwa, ita kuma tana zagin gishirin zamani wai ya cika ƙarfi. Daga baya ya samo dabarar kujera.

"Me ya sa ba ka faɗa mana ba?"

"In faɗa muku ku fitar da ita daga kicin? Na san ku, ke da yayanki. Abubuwa da yawa sun fara zame mata, sunayen maƙwabta, ranakun mako. A gaban murhu kawai take cikakkiyar kanta. Ranar da ta san hannunta ya ci amanarta, shi ke nan an gama da ita." Ya kama hannuna. "Zubar da wannan, ki wanke kular, ki ce mata na cinye tas. Gobe ki zauna a kujerata. Ba wani aiki ba ne, ido kawai za ki sa. In ta kai hannu karo na biyu ki ce an gaisa. Da wasa za ki faɗa, kin ji? Da wasa."

Na ce na ji. Kwana huɗu ina yi, kuma na yi da kyau. Nakan zauna ina ba ta labarin ɗalibaina, idona na kan gwangwani. In na ce an gaisa sai ta harare ni ta ce, "Ke ma kin gado surutun ubanki." Ita kanta ba ta cin abin kirki tunda aka kwantar da shi, daga shayi sai burodi.

A rana ta biyar ina kan kujerar Yaya ya kira waya. Na fita tsakar gida don kar ta ji. Ya ce jikin Baba ya tsananta, likitoci sun taru a kansa, sun ce kumburin ya ƙaru. Na tsaya jikin bango ina kuka ban san minti nawa ba. Da na dawo na tarar da hannunta cikin gwangwani. Na ɗebi romon na taɓa a harshe, ya riga ya wuce misali, ga shi za ta ƙara.

Ban san lokacin da na fizge gwangwanin ba.

"Umma, kashe shi za ki yi? Mutumin da aka hana gishiri?"

"Ke, ni kike fizge wa abu a kicin ɗina? Ban gaishe ta ba tukuna."

"Kin sa! Kin sa, kin ƙara, kin kuma ƙarawa. Ungo, ɗanɗana ki ji!"

Na tura mata ludayin har bakinta. Matar da ta yi shekaru ba ta ɗanɗana tukunya ba, sai ga shi ta kurɓa. Na ga fuskarta ta canza. Ta dubi tukunyar, ta dubi hannunta, ta juya shi ciki da bai kamar na aro ne.

"Tun yaushe?" ta ce.

Da na yi shiru a nan, da wataƙila an yi gyara. Amma zuciya ta riga ta ɗebe ni, magana kuwa zarar bunu ce.

"Shekara ɗaya da rabi. Me kike tsammani Baba yake yi a bakin ƙofar nan kullum?"

Ta dubi kujerar ta daɗe.

"Na ɗauka hira yake zuwa yi," ta ce.

Ta kashe murhu. Ta wanke ludayin, ta goge shi, ta rataye a ƙusarsa, ta raɓa ta gefena ta shige ɗaki. Na bi ta ina ba ta haƙuri, ina cewa tashin hankali ne ya sa ni. Ta ce ba komai, ai gaskiya na faɗa. Wani abin baƙin ciki, matar da ke manta abin da aka gaya mata da safe, wannan maganar ba ta manta ta ba.

Baba ya ɗan farfaɗo bayan kwana biyu. Na dafa da kaina na kai masa, muka tafi tare da Umma. Cokali ɗaya ya isa.

"Wannan ba hannun Shugaba ba ne," ya ce. Ya dube ni, na sunkuyar da kai. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi.

Umma ta gyara masa matashi ta ce, "Ashe gadi kake yi mini, mai agogo."

"Hira nake zuwa yi. Gadin kuwa gyara ne aka ɗora mini a kai."

Ta yi murmushi, amma ba ta rama ba. Kwana tara bayan haka Allah ya karɓi abinsa.

Na ɗauko Umma ta dawo gidana, na haɗo da kujerar da gwangwanin. Babu irin lallashin da ban yi ba don ta koma girki. Na ce yara sun yi kewar miyarta, ta ce kar ta illata mini 'ya'ya. Na ce zan zauna mata a ƙofa, ta ce ta sallami masu gadi. Ko ruwan shayi ba ta ɗorawa.

Wata rana maigidana ya ba da shawara mu kai ta tsohon wurin aikinta, ko ganin wurin zai motsa ta. An sauya kujeru, an sa fanka da gilasai, amma ƙamshin soyayyar albasa na nan yadda na san shi tun ina yarinya. Muna zama wata mata mai ƙiba ta leƙo daga kicin ta rafka salati. Ɗaya ce daga cikin shidan nan, yanzu ita ce babba. Ta durƙusa ta gaishe da Umma, ta ja ta har gaban wata ƙatuwar tukunya da ke tafasa, ta tara ma'aikata ta ce su zo su ga wadda ta koya mata aiki. Sannan ta miƙo gishiri da hannu biyu.

"Shugaba, a gaishe mana da ita, mu samu albarka."

Umma ta cusa hannayenta cikin mayafi.

"Na bar gaisuwa, 'yar nan," ta ce. "Ku yi abinku."

Matar ta yi dariya, ta ɗauka wasa ne. Muka koma tebur, aka cika mana shi da kaza da dankali da shinkafa. Umma ta ci loma uku ta ce mu tafi gida. A mota na yi ta kallon taga don kar yara su ga idona.

Dabarar da ta rage mini ɗaya ce, kuma a bisa kuskure na same ta. Wata rana ina gaggawa na manta ban sa gishiri ba. Umma ta kai loma, ta ajiye cokali, ta ɗago kai da irin kallon nan nata na da.

"Barkono, wa ya koya miki girki? Ba a gaisa ba."

Na ruga na ɗauko gwangwanin. Ba ta taɓa tukunya ba, amma ta ɗebo da yatsu uku ta barbaɗa a farantinta, sannan ta bi na yaran ɗaya bayan ɗaya. Daidai, ba ƙari ba ragi.

Daga ranar na daina sa gishiri a girkin rana. Maigidana ya ce gidansa ya zama asibiti, amma shi ke fara miƙa farantinsa. Kullum sai ta yi mini faɗa, kullum sabo ne a wurinta, ni kuwa ina tsaye ina karɓa kamar ana ba ni kyauta. Ta manta sunan Yaya, ta manta Baba ya rasu har takan ce a ajiye masa nasa, amma da ta kai loma sai ta ce ba a gaisa ba, ta kuma kira ni Barkono. Wata takwas muna haka.

Ranar Asabar ɗin da ta wuce na dafa shinkafa da miyar kifi. Na zuba wa kowa, na ajiye gwangwanin a bayana inda nake ɓoye shi. Yara suka riƙe cokula suna jira, don sun saba ba a farawa sai Kaka ta yi faɗanta. Umma ta kai loma ta farko. Ta kai ta biyu. Muna kallonta har ta cinye, ta tattara 'yan ƙwayoyin da suka rage a gefen faranti ta kai baki. Ta goge hannu, ta dube ni da fara'a irin wadda ake yi wa mai kawo abinci a wurin da ba a saba zuwa ba.

"Abinci ya yi daɗi, baiwar Allah," ta ce. "Allah ya yi albarka."

Autana ya ce, "Mama, mu ci?"

Na ce su ci. Babu wanda ya nemi gishiri, ni ma ban iya juyawa na ɗauko shi ba.