Yatsun Mai Kitso

Ranar da likita ta ce mata ciwon daji ne a nono, Mai Kitso ko ƙwalla ba ta yi ba. Da maganin da ake ɗura mata ta jijiya ya kwashe mata gashi ma dariya ta yi, ta ce dama ba ta taɓa samun wadda ta iya yi mata kitso ba. Amma ranar da tsinken kitso ya suɓuce mata ba ta ji fitarsa ba, ranar hankalinta ya tashi. Yatsun sun zama kamar na aro, alhali da su ta ci, da su ta raini 'ya'ya.

Sai ta yi gum. Wai a ganinta, wanda ake fafutukar ceton ransa bai kamata ya kawo ƙarar yatsa ba. 'Yarta ce ta fasa ƙwai a ofishin likita.

"Likita, Umma fa ko maɓallin riga ba ta iya sawa."

"Ke, wa ya aike ki?" in ji Mai Kitso, tana harararta.

Likita ta ajiye biro ta kamo hannun. "Mama, wace sana'a kike yi?"

"Kitso. Tun ba a haife ki ba."

"Haba Mama, ai da kin faɗa! Wannan maganin yakan taɓa jijiyoyin yatsu. Mun gwada ɗan naman da muka ɗiba, mun san irin ciwon naki, kuma akwai wani maganin da yake ji. Mu canza tun abin bai yi nisa ba."

"To ba irin wanda kuke ɗura mini kuke ba maƙwabciyar gadona ba?"

"Ciwonta daban, jikinta daban. Kuma ita ba ta kitso."

Aka canza. Sabon ma ba alewa ba ne, ya sha kwantar da ita, amma ƙullun da ke nonon yana ta ƙanƙancewa, ita kuma kullum tana murza yatsu tana jira.

Wata safiya ta dafe jikarta Shalele tsakanin gwiwoyinta, ta tsaga kan, ta kama. Silin gashi guda ya zame daga layi, ta ji shi sarai a kan yatsa tun kafin idonta ya gani. Daɗi ya cika ta, ta mayar da shi ta matse.

"Wayyo Kaka, da zafi!"

"Alhamdu lillahi," in ji Mai Kitso. "Sunkuyo, yarinya, yanzu muka fara."