Kukan Birkin Auta

Motar ta Auta ce. Da zai tafi aiki wata ƙasa ya bar wa mahaifinsa makulli, ya ce a riƙa ɗumama ta kada ta mutu a tsaye. Kafin tafiyar ya cire birkin da ta zo da shi, ya ɗaura mata manyan kalifa jajaye irin na masu tsere, wato ƙarafan nan da ke matse takalmin birki a jikin faifai. Tun daga lokacin, duk sadda aka taka birki a ƙofar gida sai ta ja wani dogon kuka mai tsini, har karen maƙwabta ya amsa.

Wannan kukan ne ya rage wa Maman Auta. Mantuwa ta kwashe sauran. Ta manta hanyar kicin, ta manta sunayen ƙannenta. Mijin ma wata rana ta gane shi, wata rana ta ja mayafi ta gaishe shi kamar baƙo. Abinci kuwa ba ta karɓa a hannun kowa. Amma da ta ji birkin sai labulen taga ya motsa.

"Auta ya dawo?"

"Ya ajiye mota ya fita. Ya ce ki ci abinci kafin ya shigo."

Sai ta ci. Shi ya sa kullum da rana tsohon yakan zuba abinci ya rufe, ya zaga unguwa da motar, ya dawo ya taka birki a ƙofa. Auta bai san da wannan ba. Wayarsa gajera ce, kuma kullum a tsaye yake yin ta.

Ranar da wata mata ta tsallako titi da jariri a goye, tsohon ya danna birki har ƙasa, motar ta ci gaba da sulalewa kamar ba da ita ake ba. Da ƙyar ta tsaya, hancinta na shafar zanen matar. Ba ta zage shi ba, kallonsa kawai ta yi. Bai koma gida ba, ya wuce gareji.

Bakaniken da ake kira Sifana ya ɗaga motar, ya cire taya, ya leƙa, ya yi fito.

"Baba, tsere kake shiga a ɓoye?"

"Na yaro ne."

"To takalman sun cinye, saura ƙarfe. Kuma ko da sabbi ne, wannan irin ba ya kamawa sai ya ɗau zafi. Kai kuma tafiyarka, mai keke ma sai ya yi maka hon."

Tsohon ya tsallaka shagon kayan mota, ya faɗi samfurin motar, aka ba shi kwali. Sifana ya buɗe, ya kara takalmin a bakin kalifar, ya fashe da dariya. Ya yi mata kaɗan, kamar takalmin yaro a ƙafar ƙato.

"Sunan motar ka faɗa, ko? Ai wannan birkin ba ɗan gidan ba ne, riƙo aka kawo shi. Ɗauki tsohon takalmin ka kai, a auna da shi."

Mai shagon ya jujjuya tsohon takalmin, ya hau tsani, ya sauko da kwalaye biyu masu ƙura.

"Wannan irin na jikin motar ne sak, na 'yan gudu. Ga kuka, ga baƙin gari a taya, kuma da sanyin safiya sai ka haɗa da addu'a. Wannan kuma na cikin gari ne. Da ka taɓa ya kama, shiru kamar kyanwa. Na mutum irinka ke nan, Baba."

"Ba ya kuka ko kaɗan?"

"Ko uffan."

Tsohon ya daɗe a tsaye. Masu saye suka shigo suka fita, wani ya ture shi da kafaɗa. Hannunsa na kan kwalin farko. Ya tuna labulen taga, ya tuna ƙafar jaririn nan tana lilo a ƙugun uwarsa. Ya janye hannun, ya ɗauki na biyu.

A gareji ya zauna a kan tsohuwar taya yana kallon aiki. Sifana ya ɗauko wani siririn fallen gwangwani zai manna a bayan takalmin, ga giris a ɗan yatsa.

"Wannan na mene ne?"

"Maganin ƙara. Shi ke hana ƙarfe gogar ƙarfe."

"In ba a sa ba fa?"

"Birki zai kama lafiya lau, sai dai surutu."

"To bar shi."

Sifana ya ɗago. "Baba, tun ina yaro mutane ke kawo min mota in kashe ƙara. Kai ne na farko da ya zo neman ta."

"Akwai mai saurare a gida."

Bakaniken ya goge giris ɗin a wandonsa, ya ajiye gwangwanin gefe.

"Zai yi kuka, amma ban ce irin wancan ba. Kowane takalmi da muryarsa."

A hanya birkin ya kama kamar an riƙe motar da hannu. Tsohon ya shigo layinsu a hankali, ya taka a ƙofar gida. Wata 'yar siririyar ƙara ta fito, gajeriya, kamar an ja kujera. Karen maƙwabta bai tanka ba. Ya ja da baya, ya sake matsowa da ɗan gudu, ya taka. Haka dai. Labulen na nan yadda yake.

Ya same ta a bakin gado, kwanon abinci a rufe a kan tebur inda ya bar shi tun rana.

"Motar waye a waje?"

"Ta Auta ce."

"A'a." Ta girgiza kai. "Tasa jan kuka take yi. Wannan ta wani ce."

Ya zauna a kujerar da ke fuskantarta, makullin a tafin hannu, baƙin garin birki a yatsunsa. Ta ja mayafi, ta dube shi da kyau, daga hula har takalmi.

"Bawan Allah, kai ma wani kake jira?"

"E."

"Tun yaushe?"

"An jima."

"Yaran yanzu ke nan. Su fita ba sallama, su bar mutum da zaman taga." Ta jawo kwanon, ta buɗe, ta tura shi tsakaninsu. "Matso. Ba a barin baƙo da yunwa. In sun zo sa tarar da mu."

Ya matso da kujerar. Bai kai hannu ba sai da ya ga ta kai loma ta farko baki. Abincin ya huce. Suka ci, ita tana kasa kunne wajen ƙofa, shi yana tura mata ɓangaren da ya fi nama.