Jan Lalle a Tafin Biba

Fatiha ta riga ta zuba ƙwayoyin zazzaɓi a leda, har ta miƙa, sai hannunta ya tsaya a hanya ya ƙi ƙarasawa.

Tun safe ita kaɗai ce a ƙaramin asibitin ƙauyen da ke kusa da Tama. Majo Ɗahiru, shugaban wurin, ya tafi taro Buza, ya bar mata mabuɗi da rumfa cike da mata. Lokacin kaka ne, sauro ya yi ɓarnarsa son ransa, duk yaron da aka kawo jikinsa zafi rau. Ita kuwa bara ta fito daga makarantar aikin jinya, kai cike da karatu, yau ne kuma take jin ta zama mutum. Ta gwada, ta auna, ta ba da magani, ta kira na gaba, har wani daɗi ke ɗibarta.

Yarinyar da ke kan cinyar kakarta Biba ce, 'yar shekara huɗu. An yi mata sabon kitso, an rambaɗa mata kwalli, tafin hannu da na ƙafa sun sha lalle, don gobe ake ɗaurin auren gwaggonta. Gwaji ya nuna zazzaɓin sauro. Fatiha ta juya tafin hannun kamar yadda aka koya mata, don ta ga ko jini ya ragu. Ta ga ja, ta wuce.

"Ba mu mu tahi, ɗiyata," in ji kakar, Lantana. "Tukunya na bisa wuta, baƙi sun cika gida."

Fatiha ba ta saki ledar ba. Wani abu ne ke mata kai-komo a rai, ta kasa kama shi. Can ta gano. Tun safe duk yaron da ta soka wa allura a yatsa sai ya tara mata jama'a da ihu, amma Biba ko hannu ba ta janye ba. Ɗigon jinin ma tsararo ya fito, kamar zoɓon da aka cika wa ruwa.

"Inna, kullum haka take shiru?"

"Wagga? Ai ta hi tsiya rikici. Yau dai ta yi hankali."

Fatiha ta ajiye ledar. Ta sake duban tafin, sai yanzu ta ga wautarta: jan lalle ta duba, ba jan jini ba. Ta ɗage fatar idon, kwalli ya dame ko'ina. Sai ta matsa kumatun yarinyar a hankali, ta buɗe bakin. Harshe da dasashi fari fat. Ta ɗora abin saurare a ƙirjin, zuciya na gudu, numfashi sama-sama.

Ta kira Majo, waya ba ta shiga ba. Ta sake kira, shiru. Tsoro ya kama ta sosai, amma a ƙarƙashin tsoron akwai wani abu mai kama da murna, don wannan karon ba wanda ya nuna mata, ita ta gani da idonta. Ta yi wa Biba allurar farko ta zazzaɓi mai tsanani, ta sa aka kira uban, Kalla.

Kalla ya shigo da hularsa ta biki, yana murmushi. "Madan, mi kig gani? Ba palu ba ne?"

"Palu ne, zazzaɓin sauro, amma ya shanye mata jini. Sai an kai ta Madawa an ƙara mata, yanzu."

"Haba Madan. Bari a ƙare biki, jibi mu kai ta."

"Ba ta kai jibi, Malam Kalla."

Ya ƙare mata kallo, ya ga ita kanta yarinya ce ƙarama. Fatiha ta san surutu ba zai fisshe ta ba. Ta ja leɓenta na ƙasa ta nuna masa cikinsa. Ta roƙi Inna Lantana ta yi haka, tsohuwar ta yi tana gunaguni. Sa'an nan ta buɗe bakin Biba.

Kalla ya duba na uwarsa, ya duba na ɗiyarsa. Sai ya fita da gudu. Motar da aka ɗauko don kai kayan amarya ita ta zo, aka sauke katifa da kwanuka a ƙofar asibiti, mata na salati. Kalla ya rungumi Biba ya shiga, Fatiha ta bi motar da ƙafa tana faɗa wa direba kada ya tsaya ko'ina.

Sauran yinin jikinta ne kawai ke aiki, ranta yana hanyar Madawa. Majo ya dawo bayan la'asar, ya ji labari, ya gyaɗa kai kurum. Bai ce ta yi daidai ba, don shi ma bai san ko an isa kan lokaci ba.

Suna wanke hannu wayarta ta yi ƙara. Kalla ne. Ba ta jin abin da yake faɗi, saboda wani ihu da ya cika wayar, ihun yarinya mai taurin kai.

"Madan, kina ji? Jini na shiga. Ta ciji lokotoro mai ƙara mata jinin, ta ce sai an kai ta biki."

Fatiha ta zame ta zauna a ƙasa, dariya da hawaye suka haɗe mata. Ta ce kada ya kashe wayar, a bar ta ta ƙara jin kukan.