Ɗakin Fulawa

Lokacin da na auri Kausar Shalabi tana da littafi biyu a kasuwa, in dai za a kira ƙarƙashin gadonmu kasuwa, don a can yawancinsu suke jibge. Ni ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a unguwar Shubra ta Alƙahira. Ita kuma da safe tana gyaran rubutu a wata mujallar mata, da yamma ta zauna ta rubuta nata. Masu sharhi sun yaba littattafan. Masu saye ne dai ba su zo ba.

Harkar fim ita ta zo ta same ta har gida. Wani darakta ya sayi wani ƙaton littafi, ya rasa yadda zai mayar da shi fim, aka ce masa akwai wata a mujalla da ke iya matse shafi goma ya koma uku. Ya kawo mata. Ta karanta, ta kori mutum shida daga cikin labarin, ta haɗe 'yan'uwa mata uku suka zama mace ɗaya, ta kashe mijin matar tun fim bai kai rabi ba. Fim ya yi kasuwa. Mai littafin kuwa bai ƙara amsa gaisuwarta ba har ya koma ga Allah.

Daga nan ta bar mujalla. Ta yi wa silima aiki, sannan ta koma talabijin, musamman shirin azumi mai kashi talatin. A gidanmu da an gama Babbar Sallah an shiga shirin azumi mai zuwa ke nan: takardu a kan teburin cin abinci, waya ba ta hutawa, ni da yara muna ci a tire a gaban talabijin. Marubutan Alƙahira suka sa mata suna Mahauciya. Ta san da sunan, bai kuma taɓa hana ta barci ba.

Takan ce, "Shi littafi a zaune ake karanta shi, shiru. Talabijin kuwa mace na kallo tana suya, yaro na kuka, maigida na neman takalminsa. Duk abin da ba a nuna ba, ko ba a faɗa da ƙarfi ba, to bai faru ba."

Ba ta daina rubuta nata ba, sai dai yakan ɗauke ta shekaru kafin ta gama ɗaya. Na biyar shi ne Ɗakin Fulawa, labarin mahaifiyarta, Nabawiyya, mai gidan gurasa a Damanhur. Mijinta Mutawalli ya tafi Iskandariyya da wata mata, ya bar ta da yara biyu da tanderu. Ta riƙe gidan gurasar ita kaɗai. Bayan shekaru ya dawo, ciwon huhu ya cinye shi, waccan matar ta kore shi. Nabawiyya ta shimfiɗa masa tabarma a ɗakin da ake ajiye buhunan fulawa, tana kai masa abinci, tana wanke masa kaya, amma ba ta ce masa uffan ba har ya rasu. A haka littafin ya ƙare. Shi ne littafinta na farko da aka sake bugawa, har ya ci lambar yabo.

Alhaji Bahjat, furodusan da ta fi yi wa aiki, ya ce zai mayar da shi shirin azumi, kuma ita za ta rubuta. A lokacin an yi mata aiki a gwiwa, ni nake kai ta ko'ina, shi ya sa ina zaune a ofishinsa ranar da aka yi maganar ƙarshen labarin. Akwai Madam Nariman, jarumar da za ta fito a matsayin Nabawiyya, mace mai shekaru kusan sittin da ba ta yarda a ce ta wuce arba'in da biyar ba.

Alhaji Bahjat ya ce, "Ustaza, kashi ashirin da tara sun yi, Allah ya ƙara basira. Na talatin ne bai shigo ba."

"Yana cikin littafin ai. Ya mutu, ta wanke tabarmar, ta koma bakin tanderu."

"Daren Sallah fa, Ustaza! Mutane sun yi wata guda suna jiran matar nan ta buɗe baki. Sai mu sallame su da wankin tabarma?"

Madam Nariman ta sauke tabarau ta ce, "Ni kashi goma ina shiga ɗaki da tire ina fita da tire. In aikin ke nan, ai da mai aikina kuka ɗauka, ta fi ni iyawa. Ki ba ni shafi biyu kawai, ƙawata. Ya riƙe hannuna, in faɗa masa duk abin da ya yi mini, in yafe masa, in yi kuka. Wallahi Masar gaba ɗaya sai ta yi kuka."

Kausar ta ce, "Uwata ba ta yi haka ba."

Alhaji Bahjat ya yi dariya har da tari. "Yau ga Mahauciya a hannun mahauta! Mutum nawa kika sasanta a littattafan mutane waɗanda masu littafin suka bari da gaba? Ustaz Ra'afat, don Allah ka yi mata magana."

Na ce ni direba ne.

Ta dawo gida ta zauna kan kashi na talatin. Ta rubuta irin wanda suke so, ta karanta mini, ta yaga. Ta rubuta irin na littafin, ta gane da kanta cewa minti arba'in na shiru ba zai tsaya a talabijin ba, don ita ce ta koya wa rabin masu sana'ar wannan darasi. Ana cikin haka mai tsara ɗakunan fim ya bugo yana tambaya ko ɗakin fulawar yana da taga, ƙofarsa kuma ina ta kalla. Kausar ta ce za ta kira shi. Ta ajiye waya ta dube ni ta ce ta manta. An rushe gidan gurasar tuntuni, an yi bene a wurin. Wadda ta rage da za ta sani ita ce Inna Zakiyya, ƙanwar mahaifiyarta, wadda ta yi aiki a gidan gurasar tun tana budurwa.

Ranar Juma'a muka tafi Damanhur. Inna Zakiyya ba ta iya karatu ba, amma babu shirin Kausar da ya taɓa wuce ta, kuma kowanne tana da ƙorafi a kansa. Ta yi mana miyar lalo da zomo. Sai da muka ci muka sha shayi Kausar ta yi tambayarta.

Inna ta ce, "Taga akwai, 'yar ƙarama, ta wajen lungu. Ta nan yake miƙa wa yaran unguwa kuɗi su sayo masa taba, uwarki tana kamawa tana zaginsa."

"Zaginsa kuma, Inna? Ai ba ta yi masa magana."

"Wa? Nabawiyya? Har kunnena ya gaji da su. Kullum da hantsi, in an gama gashin safe kun tafi makaranta, sai ta ɗauki shayi kofi biyu ta shiga. Ta ce masa tsohon banza, ya ce mata gishirin miyarta ne zai kashe shi kafin huhu. Ta tambaye shi wai matar Iskandariyya ta iya girki, ya ce ko ruwan zafi ƙona shi take yi. Su yi ta dariya kamar yara, shi yana tari. Da ta ji an taso daga makaranta sai ta fito ta ɗaure fuska."

Kausar ta ajiye kofinta. "To me ya sa?"

"Ke kike tambayata? Ranar da ya dawo ba ke kika tsaya a bakin ƙofa da kayan makaranta ba, kika ce in ta kuskura ta yi masa magana za ki bar gidan, ba za ta ƙara ganinki ba? Shekarunki sha biyar, idonki kamar garwashi. Uwarki ta san halinki, ta san za ki aikata. Ta ce mini, Zakiyya, na rasa miji sau ɗaya na rayu, 'ya kam ba zan iya ba."

"Ni na ɗauka don ita nake yi. Na ga ba ta kula shi, na ce ni ma ba zan kula shi ba."

"To ai shi ke nan, kowa ya yi don wani. Ƙara shayi, 'yar nan. Ra'afat, kai ma ka rame, ba ta ba ka abinci ne?"

A mota, mun wuce garin Tanta ke nan, Kausar ta juyo ta dube ni. Ta ce, "Inna ta cika kallon talabijin. Ta haɗa da wani shiri ne." Na ce mai yiwuwa. Da muka isa gida ko mayafi ba ta cire ba ta kira ƙanenta Sabri a Kuwait. Na ji tana tambayarsa, na ga ta zauna tana saurare. Ashe akwai ranar da zazzaɓi ya sa aka maido shi gida da wuri, ya ji dariya a ɗakin fulawa, ya leƙa ya ga uwarsu zaune a kan buhu tana yanke wa babansu farce. Ta ba shi alewa ta ce kada ya gaya wa yayarsa. Bai gaya mata ba. Da littafin ya fito ya karanta, ya ɗauka ta sani, ta dai canza ne irin na marubuta.

Ta shiga ɗaki ta rufe. Ban bi ta ba. Da ta fito idonta ya kumbura, ta ce in dafa mata kofi, ta share gefen tebur ta zauna.

Abin da ta kai wa Alhaji Bahjat ba kashi na talatin kaɗai ba ne. Ta koma baya ta gyara inda uban ya dawo, ta sa 'yar a bakin ƙofa da kayan makaranta tana faɗin abin da ta faɗa. Ta bar shirun yadda yake har zuwa ƙarshe. A kashi na talatin ne kawai mai kallo zai ga yara sun fita, uwar ta zuba shayi kofi biyu, ta shiga ta ce, "Tsohon banza, ba ka mutu ba?"

Madam Nariman ta karanta ta ce, "Ina kukan?"

"Babu."

"Yafiyar fa?"

"Tana yanke masa farce, Madam. Me kuma kike so ta ce?"

"Ni da na yi sarauniya sau uku, zan ƙare da yankan farcen tsoho a daren Sallah!"

Alhaji Bahjat ya karanta sau biyu, ya ce shi dai tunda matar ta yi magana, alhamdu lillahi. Madam Nariman ta yi fushi na ɗan lokaci, sannan ta zo ta yi, kuma ta yi da kyau. Ta roƙi a bar mata hawaye ko ɗigo ɗaya a wajen wanke tabarma, darakta ya bar mata. Kausar ta gani a ɗakin tace fim ba ta ce a cire ba.

Shirin ya karɓu, ko da yake wani na barkwanci da ake nunawa a wata tasha ya fi shi masu kallo. Masu sharhin da suka ba littafin lambar yabo suka yi mata ca. Ɗaya ya rubuta cewa Mahauciya ta gama da littattafan mutane ta juyo kan nata, ta sayar da shirun uwarta don masu tallar man girki su ji daɗi. Na ce ta ba shi amsa, ta gaya musu abin da Inna Zakiyya ta faɗa. Ta ce ba za ta kai uwarta jarida ba. Mai buga littafin kuma ya zo da shawarar a sake fitar da shi da hoton Madam Nariman a bango, a gyara babin ƙarshe ya dace da shirin. Ta yarda da hoton, ta ƙi gyaran. Ta ce abin da ke cikin littafin shi ne abin da yarinyar ta gani, ba ta yi ƙarya ba.

Tun kafin wannan duka, ranar Sallah da sassafe, washegarin kashi na ƙarshe, ta tashe ni ta ce mu je Damanhur. Kabarin mahaifiyarta ta san shi, duk shekara muna zuwa. Na mahaifinta yana can ɓangaren danginsa, ba ta taɓa takawa ba, sai da ɗan Inna Zakiyya ya zo ya nuna mana. Maƙabarta cike da mata da yara ana rabon cincin ɗin Sallah. Ta tsaya da sandarta a gaban kabarin, ta karanta Fatiha, ta daɗe tsaye. Na ji ta ce, "Baba, Kausar ce." Ta ƙara wasu maganganu ƙasa-ƙasa, na matsa gefe don ba nawa ba ne.

Daga nan muka wuce gidan Inna Zakiyya, muka tarar ta baje kifi mai gishiri da albasa da gurasa. Kausar ta tambaye ta ko ta ga kashi na ƙarshe.

Inna ta ce, "Na gani. Wa ya ce muku Nabawiyya na sa 'yan kunne a bakin tanderu? Kuma mutumin da kuka sa ya fi Mutawalli kyau nesa ba kusa ba. Da haka yake ai da matar Iskandariyya ba ta sake shi ba."

Kausar ta yi dariya har ta ƙware, aka miƙo mata ruwa. Muka yi azahar a can. Da la'asar muka kamo hanyar Alƙahira, tana barci a kujerar gaba da ƙafarta a miƙe, ni kuma ina fama da manyan motoci.