Kawunsa Ma Ya Faɗa

Shagon askin ɗaki ɗaya ne tal. Akwai kujera mai juyawa da fatarta ta tsage aka liƙe da salatif, da madubi mai tabo a kusurwa, da benci biyu, sai talabijin da aka rataye can sama kusa da fanka. Amma duk mai son ya san abin da gari ke ciki nan yake zuwa, ko da kansa a aske yake. Mai shagon, Rediyo ake ce masa, har 'ya'yansa in an tambaye su gidansu sai su ce gidan Rediyo. Da ya buɗe ƙofa da safe bakinsa ke kama aiki tare da injin aski. Kansilan unguwa da kwalbatin da ya yi alkawari ya manta, mawaƙin da ya rabu da matarsa ya koma yi mata waƙa, kocin da bai san lokacin canji ba, kowa da rabonsa. Kuma ya iya. Yakan tsayar da inji a tsakiyar kan mutum, ya jefa magana, ya jira dariya ta lafa, sannan ya ci gaba.

A jikin madubin akwai hoton wani dogon saurayi sanye da safar hannu. Ɗan yayarsa ne, golan ƙungiyar garin, wanda 'yan kallo suka raɗa wa Danƙo saboda ƙwallo in ta taɓa hannunsa ta manne. Yayar nan ita ta goyi Rediyo bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta yi masa uwa har ya zama mutum. Baƙo ba ya tashi daga kujerar aski bai ji cewa wancan na hoton ɗan gida ne ba.

A wasan ƙarshe na kakar bana, wanda in an yi ko da kunnen doki ƙungiyar za ta haye rukuni na sama, aka buga wa Danƙo wata ƙwallo mara ƙarfi ana dab da tashi. Ya durƙusa zai ɗauka, ta zame masa, ta bi ta tsakanin ƙafafunsa ta kwanta a raga. Gari ya yi tsit kamar an yi rasuwa.

Washegari shagon ya cika tun kafin Rediyo ya gama shara. Wani direban bas da ba ya fashin zuwa ya zauna a kujera, ya dube shi ta madubi.

"Rediyo, yau fa ta bakinka muka zo ji. Ko don ɗanka ne za a ɗauke wuta?"

Aka yi dariya. Rediyo ya ji abin ya sosa shi. Shi da ya yi shekaru yana yanka kowa, yau a ce ya ji tsoro? A ƙarshen benci mai gyaran waya na shagon gefe yana zaune, wayarsa a ɗage yana ɗaukar bidiyo, Rediyo kuwa ya gan shi sarai.

"Ni za a ɗauke wa wuta?" ya ce, yana kaɗe ƙyallen wuya. "Ai ƙwallon nan ko kakata da sandarta za ta tare. Tana tafe a hankali tana sallama, shi kuma ya buɗe mata ƙofa ya ce ta shigo daga ciki. Ni na san yaron nan tun yana rarrafe. Hannunsa bai taɓa santsi ba, sai dai in an shafa masa wani abu."

Ya murza babban yatsa da manuni, irin yadda ake nuna kuɗi. Shagon ya ɗauka. Direba har da buga ƙafa, sai da aka dakata da askin don kada a yanke shi. Rediyo ya ji daɗin da yake ji duk lokacin da magana ta faɗa inda ya auna ta.

Kafin la'asar bidiyon ya zaga gari. Wani ya rubuta a ƙasansa da manyan baƙaƙe: Kawunsa ma ya faɗa. Da ya koma gida matarsa ta tare shi tun daga ƙofa, wayar a hannunta.

"Baban yara, ka ga abin da ake yawo da shi?"

"Wasa ne. Wa bai san bakina ba?"

"Waɗanda ke turawa ba su san bakinka ba. Ka kira Yaya yanzu."

Ya ce zai kira. Ya ɗauki wayar, ya ga yawan mutanen da suka kalla, ya sake kunna bidiyon ya kalli kansa, ya ajiye.

Kwana ya wuce, sai ga kira daga gidan rediyon garin. Shirin wasanni na rana suke so ya shiga kai tsaye. Rediyo, wanda sau da yawa ya sha bugo musu waya layi na katsewa kafin a zo kansa, yau su ne ke nemansa. Ya kashe inji, ya yi wa mutanen shago alama su yi shiru.

"Muna tare da kawun golan da kansa," in ji mai gabatarwa. "Ranka ya daɗe, kai ne na gida. Gaya wa masu sauraro gaskiya, an sayar da wasan nan ko ba a sayar ba?"

Amsar tana bakinsa. Kalma kaɗan ce: raha nake yi, ban san komai ba. Amma ya ga idanun mutanen benci a kansa, ya ji muryarsa na fitowa daga rediyon shagon gefe, ya ji cewa in ya faɗi haka ya koma mai aski mai surutu kawai.

"To," ya ce, yana jan muryar, "ni dai ban kama hannun kowa ba. Abin da na sani kuma, a cikina zai zauna. Gida gida ne."

Da ya ajiye wayar aka yi ta jinjina masa, wai ya iya magana kamar ɗan siyasa. Shi kuwa sai ya sake kunna inji. Ya aske kai biyu bai ce uffan ba.

Daga nan abin ya fi ƙarfin baki. Ƙungiya ta dakatar da Danƙo, ta ce za ta yi bincike. Wasu matasa suka je gidan Yaya da rana tsaka suka yi ta jifa har suka fasa gilashin tagar falo. A kasuwa, inda take sayar da robobi da kwanuka, mata suka riƙa tsayawa nesa suna nuna rumfarta da baki. Duk wannan Rediyo a shago ya ji, daga bakin masu zuwa aski, kamar yadda yake jin labarin kowa. Yakan ɗauki waya ya nemo lambarta, ya zuba wa lambar ido, ya mayar aljihu.

Ita ta zo. Rana ta take, shago cike, sai ga ta a bakin ƙofa, mayafinta a kafaɗa, takalmanta duk ƙurar hanya. Mutane suka fara gyara zama.

"Ku yi zamanku, ba daɗewa zan yi ba," ta ce. Ta juyo gare shi. "Auta, zuwa na yi ka gaya mini. Wa ya ba shi kuɗin? A ina aka ba shi? Ni na haife shi, ya kamata in sani."

Rabon da wani ya kira shi Auta a gaban mutane har ya manta. Inji na hannunsa yana kuka, ya rasa ma inda makunnin yake.

"Yaya, wallahi raha ce. Ban san komai ba."

"Me ke cikinka da ka ce zai zauna?"

"Babu komai."

"Ɗaga murya. Ai kana da ita."

"Babu komai, Yaya. Ƙarya na yi."

Ba wanda ya ɗago kai. Direba ya tsura wa takalminsa ido, mai gyaran waya ya sulale ya fita. Yaya ta matso gaban madubin, ta sa farce ta ɓanɓare hoton ɗanta a hankali don kada ya yage.

"Da wani ne ya faɗa, da tuni an manta," ta ce. "Kai ka faɗa. Yaron nan ko tsakar gida ba ya fitowa."

Ta fita. Inda hoton yake ya bar wani fili mai haske a jikin madubin, Rediyo ya yini yana kauce wa kallonsa.

Ya yi ƙoƙarin gyarawa, ba a ce bai yi ba. Ya buga wa gidan rediyo ya fi a ƙirga kafin su ɗauka. A lokacin gari ya koma kan wani zance, wai kansila ya mari wani jami'in kasuwa a gaban jama'a, kowa so yake ya tofa albarkacin bakinsa. Suka ba shi ɗan lokaci a ƙarshen shiri. Ya ce shi ne kawun Danƙo, ya ce ƙarya ya yi, yaron bai karɓi komai daga hannun kowa ba. Mai gabatarwa ya yi masa godiya cikin sauri. Wanda ya bugo bayansa ya ce, "Ai dama mun san za a matsa masa a gida ya janye. Ta farkon ita ce gaskiya." Ya roƙi mai gyaran waya ya ɗauke shi sabon bidiyo, aka ɗauka, aka saka. Ba dariya a ciki, ba wanda ya tura wa wani.

Binciken ƙungiya bai gano komai ba, don babu abin ganowa. Amma shugabanni suka ce 'yan kallo ba za su yarda su sake ganinsa a raga ba, ya ɗan huta tukuna. Suka kawo wani gola. Danƙo ya sami aikin lodi a wani sito da ke bayan tasha.

Can Rediyo ya same shi wata safiya, bayan ya rufe shago ya ce wa mutane ba shi da lafiya. Yaron na sauke katan-katan daga bayan babbar mota, wani na jefo masa daga sama yana cafewa yana jerawa. Da ya hango kawunsa ya goge hannu a wando, ya taho da sauri ya rusuna.

"Kawu, ina kwana. Lafiya ka zo har nan? Ga benci can a inuwa."

Da zaginsa yaron ya yi, da ya fi wa Rediyo sauƙi. Suka zauna. Rediyo ya buɗe baki, maganar da ya shirya tun daga gida ta watse.

"Ɗana, na cuce ka."

Danƙo ya dubi tafin hannunsa.

"Kuskure na yi, Kawu," ya ce can. "Na ɗaga ido in ga wanda zan jefa wa kafin ta shiga hannuna. Shi ke nan abin da ya faru. Kullum sai na sake ganinta tana wucewa." Ya ɗan yi murmushi. "Ka san washegarin wasan har na kamo hanyar shagonka? Na ce duk garin nan kai kaɗai za ka zage ni in yi dariya. Na hango taro, sai na juya."

Rediyo ya sunkuyar da kai. Hawaye suka zubo masa, bai share ba.

"Ka yafe mini."

"Na yafe, Kawu."

Ya faɗe ta da sauri, yadda ake amsa wa babba, Rediyo kuma ya san bambancin. Daga cikin sito aka ƙwala wa yaron kira. Ya miƙe, sannan ya tsaya.

"Kocin wata ƙungiya a wani gari ya ce in zo gwaji bayan damina. Ƙarama ce, amma ba su san ni ba. Kada ka faɗa a shago."

"Ba zan faɗa ba."

"Kuma ka je wurin Mama. Ni zan warke. Ita ce ba ta ko son a ambace ka, kuma kullum sai ta ambace ka."

Daga tasha Rediyo ya biya wurin masu yankan gilashi, ya sa aka yanka masa ɗaya, ya rungumo shi a naɗe da kwali har gidan Yaya. Tagar falon an toshe ta da buhu. Ya yi sallama, ta amsa daga ciki, ta leƙo, ta ga abin da ke hannunsa.

"Ka auna kafin ka sayo?"

"Da ido na ƙiyasta."

"Haka kake komai."

Ta koma ciki ta bar ƙofar a buɗe. Ya cire buhun, ya tsince guntayen da suka maƙale a jikin katako, ɗaya ya yanke shi a yatsa. Da ya ɗora sabon gilashin sai ya tarar ya gaza, gefe guda ya bar tazarar da yatsa zai shiga. Ya tsaya riƙe da shi, ya rasa ko ya sauke ko ya bari.

Yaya ta fito da tsumma da kofin ruwa, ta ajiye a kan dakali. Ta dubi tazarar, ta dubi jinin da ke yatsansa.

"Sauke shi kafin ka fasa wannan ma," ta ce. "Gobe ka zo da abin awo. Ka ɗaure hannun nan, kana ɓata mini bango."