Wutar Injin Mai Hoda

"Cire hannunki!" Mai Hoda ya daka wa matarsa tsawa, tari ya sarƙe shi.

Ina bayanta riƙe da tocila, sai da na zabura. Mutumin da likita ya ce a mayar gida a yi ta addu'a, shi ne da wannan murya! Shagonsa na hoton takardu manne yake da shagon ɗinkina, baƙar hodar injin da ba ta barin farcensa ce ta ja masa sunan. Yana asibiti injin ya mutu. Ya rantse ba za a kira kowa ba, matar tasa Maman Auta ce za ta tashe shi da hannunta, don da shi za ta riƙe gida bayansa. Haka muka turo injin har bakin gadonsa.

"Ai na zare wayar daga bango," ta ce.

"Kin zare, amma wancan mai kama da gwangwani yana ajiye wuta. Jira ta tsiyaye, kada ki riga ni tafiya."

"Bakinka dai ciwon bai taɓa shi ba."

Ya sa ta nuna hanyar wutar da tsinke. Daga bango ta shigo ta fis, ɗan abin nan da ke ƙonewa in wuta ta yi yawa, nan ta rabu. Wata ta wuce ga abin da ke gasa hoda a jikin takarda, wata allon wayoyi ya rage mata ƙarfi saboda 'yar motar da ke jan takarda da ƙwaƙwalwar injin, wata kuma a ninka ta don gangar da ke ɗora rubutu ta ja hoda.

"Maimaita."

Ta maimaita, ta cakuɗa.

"Sake."

Wallahi haushi ya kama ni. Na ce, "Haba Malam, ka bar baiwar Allah ta zauna kusa da kai mana. Masu gyara sun ƙare ne?"

"Tela, in allurar kekenki ta karye, wa kike kira?"

Na gyara riƙon tocila.

Washegari da hantsi ita da kanta ta gano ɓarnar: fis ya ƙone, wani ƙaramin gwangwani a kan allon ya kumbura. Ta ciro irinsu daga akwatinsa. Wajen liƙa su dalma ta ƙona mata yatsa, ta tsotse, ta ci gaba. Shi kuwa numfashinsa ya fara yin sama-sama, tausayinsu duka biyun ya cika ni.

Ta jona waya, ta danna. Shiru.

"Na shiga uku," ta ce.

"Ƙofar injin," ya ce da ƙyar. "In ba ta rufu ba, wuta ba ta wucewa."

Ta tura ƙofar da gwiwa, ta yi ƙas. Fankar injin ta ɗauka.

"Yauwa," in ji Mai Hoda.

"Saura ya yi zafi," ta ce, ba ta waiwayo ba. Ta laluɓo kwalin maganinsa ta kifa a kan gilashin injin, ta tsaya tana jira.

Ni na ga leɓɓansa suna motsi. Na matsa na laƙƙana masa kalmar shahada a hankali, ya karɓa, ya cika. Na buɗe baki in kira ta, na fasa. Na bari ta ƙarasa.

Haske ya ratsa gilashin, takarda ta fito, rubutu raɗau.

"Malam, duba..."

Ta kalli fuskata, ta kalli tasa, ta yi salati. Sai ta zauna a bakin gadon, ta ɗaga hannunsa ta sa takardar a ƙarƙashi tun da sauran ɗuminta. Fankar injin tana ta juyawa a bayanmu.